Wutar da Ba a Ɗauke Ba

Lokacin kaka ne, makon da ake mayar da agogo baya, wanda kafin ka shafa addu'ar la'asar magariba ta kawo kai. Ganyen itatuwan layinmu a Camberwell, nan London, ya zube ya jiƙe, yana bin takalmin mutum har cikin gida. Shekarar ba ta yi mini daɗi ba tun farkonta. Ita ce ta biyu da rasuwar baban yara, kuma ta fi ta farko nauyi, don a ta farko mutane suna zuwa, waya tana ƙara, a ta biyu kuwa kowa ya koma harkarsa. Daga ni sai gidan, sai 'yata ta fari da take leƙowa ranar da ba ta da aiki a asibiti. A wannan makon wata takarda ta faɗo ta ƙofa, cikin farin ambulan mai kauri.

Ni ba mai faɗa ba ce. Na haifi huɗu na raine su a garin nan, ba wanda zai ce ya taɓa jin muryata daga waje. Amma wannan maganar, har yau in na tuna ta sai na ajiye abin da ke hannuna. Ina rubuta ta ne don ta daina cina.

Sai na fara da tagar kicin ɗina, in ba haka ba za a ce wannan tsohuwa a kan taga take tayar da jijiyar wuya.

Da na zo London, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa muka sauka. Tagar ɗakin ƙafafun masu wucewa kawai take nunawa. Shekara uku na yi a ciki. Na rame, ƙasusuwana suna ciwo, in zauna in yi ta kuka ban san dalili ba. Likita ya ce rashin rana ne, ya ba ni ƙwayoyi. Baban yara, Allah ya jiƙansa, ya ji maganar likitan. Direban bas ne, sai ya dinga karɓar aikin Asabar da Lahadi, har Allah ya nufa muka sayi wannan ɗan gidan. Ranar da ya kawo ni in gani, bai nuna mini falo ba, bai nuna mini ɗakin kwana ba. Kicin ya wuce da ni kai tsaye, ya tsayar da ni gaban wata babbar taga da ke kallon baya. Bayan gidan wani tsohon gareji ne na gyaran mota, gajere, rufinsa bai kai tsayin tagar ba, saboda haka sama a buɗe take tun daga can har can. Ya ce, "To, ga ranarki nan. Sai ki daina yi mini kuka."

Shekara ashirin da wani abu ke nan. A gindin tagar nan nake tsince wake, nake zura zare a allura, nake karatun safe. Tukwanen tattasai da na'ana'a suna kan dakalinta. Da bazara ba na duba agogo don azahar, in haske ya kai bakin kabad ɗin kwanuka na san lokaci ya yi. Yanzu da idona ya yi rauni, in na buɗe littafi a ƙarƙashin ƙwan lantarki sai baƙaƙen su dinga iyo, kaina ya ɗauki ciwo. A tagar nan kawai suke tsaya mini.

Karatun ma da girmana na same shi. Ban yi boko ina yarinya ba. Ina da goyo na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu a Zariya, muna zaune a tabarma, malama tana riƙe mini hannu ina jan baƙi kamar mai dakan gero. Da muka zo nan kuma na yi shekaru ina zuwa ajin Turanci na manya a laburare. Tun ranar da na iya karanta takardar council, wato ƙaramar hukuma, da kaina na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara miƙa wa yaro takarda in ce karanta mini ba. Na san yadda fuskarsu take yi. Ba raini ba ne, tausayi ne, kuma ni ya fi mini ciwo.

To na kai takardar gindin taga, na sa tabarau. Daga wani kamfanin gine-gine take, wanda ya sayi garejin nan na baya. Shafi uku ce. A saman shafin farko an rubuta kalmomi uku da manyan baƙaƙe, biyu na san su. Ɗaya notice, wato sanarwa. Ɗaya light. Ta tsakiyar ce ban sani ba, doguwa, na ɗauko ƙamus na bi ta baƙi-baƙi, ya ce mini tarewa ko toshewa. Can ƙasa kuma na ga wata goma sha biyu.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da light yake nufi. Wuta ce. An kawo light, an ɗauke light, yara su yi ihu in ta dawo. Ban taɓa jin wani ɗan Najeriya ya kalli sama ya ce light ba. Sai na haɗa maganar ta zauna daram: za su yi gini, za su taɓa wayoyi, cikin wata goma sha biyu masu zuwa za a iya ɗauke mana wuta. Har na ce a raina, kai, Turawa da tsari, ɗauke wuta ma sai an rubuto wa mutum takarda. Sauran shafi biyun ƙananan baƙaƙe ne cunkus. Na ɗan taɓa layin farko na ga ba hanya, na ce ai na riga na gane kan maganar.

Duk da haka ban yarda da kaina ni kaɗai ba. Ina da ƙawa, Hajiya, 'yar zangon Kumasi ce, tana zaune a Thamesmead, duk ranar Talata takan hawo bas ta zo mu yi wuni. Hausarta irin tasu ce, ba ta san mace ba ta san namiji, ni ma "kai" take ce mini, kuma ita ma Hajiya take kirana. Na miƙa mata takardar. Ta riƙe ta nesa da ido, ta matso da ita, ta sake nisantawa.

"Hajiya, wannan ai light off ne," ta ce. "Takarda ya ce za su kashe wuta. Kai ma ka zama Bature, ɗan light off ya sa ka rawar jiki?"

"Ni na ce miki ina rawar jiki? Tambaya na yi."

"Mu a Kumasi har ranaku ake raba mana. Yau unguwar ka, gobe unguwar maƙwabci. Sayi kyandir ka zauna lafiya. Firiza ɗin ka ne abin tausayi."

Muka yi ta dariya, muna tuna yadda ake guga da gawayi, da yadda ake kwana a tsakar gida. Washegari na shiga Peckham na sayo kyandir kwali guda, da ashana, da fitila mai caji guda biyu. Na kwashe naman da ke firiza na soye shi tas. Shekara guda cur ban ƙara cika firizar nan ba. Naman layya ma soyawa na yi na rarraba, yara suna cewa Mama ta dawo da al'adar da. Ban gaya musu dalili ba. Takardar na sa ta cikin kwalin kyandir na tura ƙarƙashin matakala.

Da sanyi ya tsananta sai ga baƙo. Matashi ne Bature, da rigar nan mai sheƙi ta ma'aikata a kan kwat, ya ce daga kamfanin yake, yana neman izinin auna tagogin baya. Na ce bismillah. Ya cire takalmi ba tare da na ce ba, abin ya burge ni. Ya shiga kicin yana auna tsayi da faɗi, yana ɗaukar hoto, ya tsuguna daidai tsayin tebur yana leƙen sama. Na yi mamaki me ya haɗa wayar wuta da taga, amma na ce masu aiki sun fi ni sanin aikinsu. Na haɗa masa shayi, na zuba masa cincin a faranti.

Yana shan shayin ya tambaye ni ko takardarsu ta iso. Na ce ta iso. Ya ce ko na nuna wa wani, lauya ko ɗaya daga cikin yarana. Na ce a'a, na karanta da kaina. Har da ɗan ɗaga kai na faɗa. Ya ce to yaya na gani.

Wallahi ina iya maimaita abin da na ce masa kalma-kalma, da Turancina na laburare. Na ce no problem. Na ce a ƙasarmu mukan yi kwana uku ba light, wani lokaci mako, kuma ba mu mutu ba. Na ce na riga na sayi kyandir. Don ya tabbata ma na je na jawo kwalin na buɗe masa. Na ce abu ɗaya nake roƙo, su gaya mini ranar, saboda firiza.

Ya ajiye kofin. Ya kalli kwalin, ya kalli tagar, ya kalle ni. Na ga bakinsa ya buɗe kamar zai yi magana. Sai ya rufe. Ya rubuta wani abu a kwamfutar hannunsa, ya yi murmushi, ya ce ina da kirki ƙwarai, da duk maƙwabta irina ne da aikinsu ya yi sauƙi. Na ƙulla masa sauran cincin a leda na raka shi ƙofa.

Wannan buɗe bakin da rufewar, su ne ba na iya yafewa. Ya gane. Ba wanda zai ga tsohuwa da kwalin kyandir tana maganar firiza ya kasa ganewa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ɗaga yatsa ya nuna sama, shi ke nan. Yana zaune a kujerar baban yara, da shayina a cikinsa, ya auna maganar ya ga shirunsa ya fi masa amfani.

Na yi ta jira. Sanyi ya wuce ba a ɗauke wuta ba. Duk ranar Juma'a nakan yi wa fitilun caji. Da ganye ya fara tohowa suka zo da motoci suka rushe garejin, suka kewaye filin da katangar katako mai hotuna: mata da miji a baranda suna shan shayi, rana ta haske musu fuska. Abin haushi, da garejin ya tafi sai kicin ɗina ya ƙara haske fiye da yadda na taɓa saninsa. Tattasaina ya yi 'ya'ya har reshe yana lanƙwasa. Ni da bakina na ce Allah ya yi wa mutanen nan albarka. Hajiya kuwa duk Talata sai ta tsokane ni.

"Har yanzu ba su kashe ba? Turawa ma sun koyi alkawarin tela."

Haka har kaka ta sake zagayowa. Wata Alhamis 'yata ta zo da hantsi, ta fito daga aikin dare ba ta ko cire rigar asibiti ba. Ita ce ta fari, ba na kiran sunanta, "ke" nake ce mata, ita kuma ta saba. A nan ta girma. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, haka muke tun tana ƙarama. Tana neman wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin matakala sai ta jawo kwalin.

Ta ce, da dariya, Mama ko shago zan buɗe.

Na ce, "Ke dai ajiye. Na ranar da za a ɗauke wuta ne."

Ta ce wa zai ɗauke wuta a London.

"Masu ginin nan. Sun rubuto tun bara. Takardar tana ciki, na karanta."

Ta zaro ta tana murmushi. Ina yanka albasa, ina jin ƙarar shafi. Na farko. Na biyu. Na uku. Na juyo na ga ta zauna a kan matakala, ta zaro waya tana dannawa, tana komawa kan takardar. Ta kira wani, mijin abokiyar aikinta ne, lauya, ta shiga falo ta rufe ƙofa. Da ta fito sai ta yi mini Hausa. Tun daga nan na san ba lafiya ba, don rabon da ta yi mini Hausa tun ranar da ta fito daga ɗakin da babanta yake kwance.

"Mama, ba wuta ba ne. Ba na soket ba." Ta rasa kalmar, ta kama hannuna ta kai ni gaban tagar, ta ɗora tafinta a gilashin. "Wannan. Wannan za su ɗauke."

"Haske?"

"Haske."

Ta yi mini bayani a hankali, tana haɗawa da Turanci inda Hausar ta ƙare mata. Ginin da za su yi hawa tara ne, kuma bangonsa zai tsaya kusa da katangarmu. A dokar ƙasar nan, tagar da ta shekara ashirin tana samun haske ta sami haƙƙi, ba a zuwa a toshe ta haka kawai, sai an zauna da mai ita. Tawa ta wuce ashirin. To amma akwai hanyar kashe haƙƙin. Ba sai sun ɗora bulo ko ɗaya ba. Takarda za su shigar, doka ta ɗauka kamar sun riga sun gina bango a gaban tagar. In shekara ta cika mai taga bai kai ƙara kotu ba, an ɗauka ya yarda.

Na ce, "Ban yarda ba. Wa ya tambaye ni?"

"Shirun ne yardar, Mama."

"Saura nawa?"

Ta duba kwanan watan da ke takardar ta ƙirga a yatsa. Kwana goma sha ɗaya. Maƙwabtana na hagu da na dama, ashe tun bara suka kai tasu wurin lauya. Kullum muna gaisawa a bakin bola, ina tambayar lafiyar karensu, ba wanda ya ɗauko maganar, su suna ganin na san abin da nake yi, ni ina ganin ba a damun Bature da zancen ɗauke wuta.

Na zauna. Albasa tana kan katako, wuƙa tana hannuna. Abin da ya fara zuwa mini kunya ce, irin wadda take sa kunne zafi. Shekarun laburare, da ƙamus, da ɗaga kai. 'Yata ta durƙusa ta ce ko ita da ta karanta shafin farko sai da ta sake, ba Turancin mutane ba ne. Na ga fuskar nan ta tausayi da nake gudu. Amma kafin kunyar ta gama zama sai wani abu ya ture ta, don na tuna bakin nan da ya buɗe ya rufe.

Tun ina yarinya abu ɗaya ake yabona da shi, haƙuri. Uwata ta yabe ni da shi, dangin miji suka yabe ni da shi, a garin nan ma da shi na zauna lafiya da kowa. A bas a taka ni in ce sorry. Ashe akwai waɗanda suka zauna a ofis suka yi lissafi da shi. Sun san akwai irinmu a bayan kowane fili, tsofaffi, baƙi, masu jin nauyin tambaya. Suka rubuta takarda yadda doka za ta ce an sanar, mu kuma ba mu sani ba. Ba su yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ƙarya suka yi da na san inda zan kama. Bangon ma na takarda ne, shekara guda yana tsaye a gaban tagata ina shanya tattasai a gindinsa ina sa musu albarka.

Lauyan ya ce mu zo ofishinsa washegari da ƙarfe goma, da takardar da takardun gida. 'Yata ta ce in zauna in huta, kada in je ko'ina, ta hau sama ta ɗan kwanta don ba ta yi barci ba. Ina jin ta yi shiru na yafa mayafi na zagaya ta layin baya.

A bakin filin akwai wani ɗan ofis na kwantena. Na ƙwanƙwasa. Matashin nan mai awo ne kuwa a ciki, shi da wasu biyu, suna cin abincin rana. Ya gane ni nan take, har ya ce cincin ɗin nan ya yi daɗi. Na ce na zo ne a kan light. Na nuna sama. Na ce wannan light ɗin.

Fuskarsa ba ta canja sosai ba. Ya goge hannu, ya ce duk abin da doka ta ce su yi sun yi, takardar a bayyane take, har ta ba da shawarar a nemi lauya a shafi na uku. Ya ce shi aikinsa awo ne, ba a ba shi izinin ba wa kowa shawara ba. Sannan ya ƙara da cewa, cikin taushin murya kamar mai lallashin yaro, ai ya lura ma kusan kullum da labule a tagar, ƙila ba zan ga bambanci sosai ba.

Labulen da yake nufi farin yadi ne shara-shara, na sa shi tun da ma'aikatansu maza suka cika filin suna hange ni ina wanke-wanke ba ɗankwali. Saboda su na rataya shi. Shi ma ya zama hujja.

Maganganu sun cika mini ciki, amma duk da Hausa suka zo. Na nemi Turanci na rasa, ko kalma ɗaya. Mutum uku suna kallona da cokali a hannu. Na tsaya, na tsaya. Sai na ji bakina ya ce, "Thank you." Wallahi haka na ce. Na juya na fito, har da ja musu ƙofa a hankali kada ta yi ƙara.

A hanya ban ga gabana ba. Ban san na iso ba sai da na ga makulli a hannuna. Na kira Hajiya na gaya mata tun daga farko.

"Hajiya, ni na kashe ka," ta ce. "Ni da bakin light off ɗina."

"Ba ke ba ce. Mu biyu muka karanta, mu biyu muka faɗi."

"To shi ɗan banzan, da ka je me ka ce masa?"

"Na ce na gode."

"Ka ce me?"

"Na gode."

"Innalillahi. Ka ƙara masa da cincin?"

Na yi dariya hawaye yana zuba, dariyar da ba ta rage komai ba. Ta ce gobe za ta hawo bas ɗin farko ta zo ta zage shi da Hausa da Turanci da yaren Asante. Na ce ta zauna, wannan nawa ne.

Har yau da nake wannan rubutu maganar tana hannun lauya. Ya ce ba lallai a hana ginin ba, ƙila a sa su ja da baya ko su rage tsayi ta ɓangarenmu, ƙila kuma su zo da tayi. Na ce masa ni ba tayi ya kawo ni ba. Ban san yadda za ta ƙare ba. Abin da na sani shi ne abin da na yi washegarin ranar nan, da gari ya waye.

Bayan na idar da sallah na jira haske ya fito. Na hau kujera na sauke labulen na ninke. Na wanke gilashin ciki da waje har yana ƙara a ƙarƙashin tsumma, ma'aikata suna shigowa filin suna kallona, na bar su su kalla. Sannan na zauna a gindin tagar da biro da takarda da ƙamus. Tunda bakina ya ci amanata, na ce hannu ya yi. Layi uku na rubuta da manyan baƙaƙe, irin na ajin tabarma. Cewa na gane yanzu. Cewa shi ya gane tun ranar. Cewa ban yarda ba. 'Yata ta sauko ta leƙa ta kafaɗata, ta ce akwai baƙi ɗaya da ya ɓace a layi na biyu, ta miƙo hannu. Na ce, "Ke, bar shi. Zai karanta."

Na ɗora takardar tawa a kan kyandirorin na rufe kwalin, na ɗauka a ka, abin da ban taɓa yi a titin London ba. 'Yata tana biye da ni da jakar takardun gida. Da muka isa ofishin kwantenar ban ƙwanƙwasa ba. Yana tsaye da kofi a hannu. Na sauke kwalin a tsakiyar teburinsa, a kan zanen gininsu, na buɗe, na juya takardar ta kalle shi. Na tsaya har sai da na ga idonsa ya kai layi na uku. Bakinsa ya buɗe. Ban jira in ga ko zai rufe ba.

Na fito na bar ƙofar a buɗe, muka tsallaka titi muka tsaya jiran bas ɗin da zai kai mu wurin lauya.